Gari Ya Cinye Gonarki, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna A'i,

Assalamu alaiki wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uwa, da durƙuso har ƙasa kamar yadda kika koya mini, ina roƙon Allah Ya sa wannan gaisuwa ta same ki cikin rahama da yalwar makwanci. Ba zan tambaye ki gajiya ba, na san kin huta da ita. Mu nan Madawa muna nan da rai, alhamdu lillahi. Autanki Salisu yana gaishe ki. Matarsa Rabi ta sauka lafiya, an samu namiji. Takwararki Ummi, ɗiyarsu ta fari da kika bari tana rarrafe, ta yi wayo, bana za a sa ta lakkwal, makarantar boko. Ƙanenki Kawu Abdu ma ya zo daga Keita, yana gidana.

Na san waɗanda suka saba karanta abin da nake rubutawa a wannan shafi su za su ga wannan takarda, ba ke ba. Ban damu ba. Da ke nake magana.

Inna, tsoro nake ji. Ni da nake tsayawa gaban aji cike da yara in daka tsawa ɗaya kowa ya natsu, yau in iska ta kaɗa ƙyaure sai gabana ya faɗi. Ba ni da wanda zan faɗa wa. Salisu ya fi ni firgita. Mijina yana Abijan wajen neman abinci, in na fara ba shi labari a waya sai ya ce in yi haƙuri, ya tambayi yara. Shi ya sa na zo gare ki. Akwai kuma maganar da ya kamata ki ji daga bakina, amma bari in ɗauko ta daga farko.

Kin tuna gonarmu ta gabas, wadda Baba ya bar mana? Ina ƙarama, sai mun wuce gidan ƙarshe na gari, mun ratsa sabara da kalgo, ƙafa ta fara ciwo, kafin mu hango babban gawon nan na bakin gona. Tudu yana bayanta, kori yana gefenta. Korin nan ba wani abu ba ne a lokacin. Da rani ni da Salisu da gudu muke tsallake shi. Da damina ruwa ya zo ya wuce kafin ki gama dama mana fura.

Ke kika jera duwatsu a gonar. Tun kina budurwa a ƙauyenku na wajen Keita kika koyi aikin, lokacin da mata suka fita suna ɗaukar dutse a ka don a tsare ƙasa. Da Baba ya rasu kika ga ruwa yana wanke mana gona, sai kika naɗa gammo. Jeri bayan jeri, daga gindin tudu har tsakiyar gero. Mu muna miƙo miki ƙanana muna ƙunƙuni. In ruwa ya gangaro sai ya tsaya bayan kowane jeri, ya lafa, ya shige ƙasa. Ban taɓa jin kin ba aikin nan wani babban suna ba. In an tambaye ki abin da kike yi, cewa kike, "Ina ba ruwa wurin zama."

In an cire amfani kuma sai ƙawarki Dije Bafulatana ta iso da mutanenta ta burtali. Su sauka a gonar, shanu su ci kara su bar mana taki. Ki ba ta gero, ta ba ki nono da mai. Ku zauna gindin gawo kuna hira, rabin Hausa rabin Fulatanci, kuna dariyar abin da ba ku taɓa gaya mana ba.

Ba rana ɗaya gari ya zo ba. Da farko gidaje ne ɗai-ɗai bakin hanya. Sai wata shekara bayan girbi mutanen meri, ma'aikatan magajin gari, suka zo da ma'aunansu, suka dasa ƴan turakun siminti masu farin fenti, suka ce wurin ya shiga lotisma, wato za a mai da shi filayen gidaje. Aka yanka gonaki fili-fili, aka ba masu gona nasu rabo. Namu biyu ne. Ɗaya muka sayar lokacin jinyarki, ɗaya Salisu ya riƙe don ya yi gida.

Ba zan ƙara miki abin da ba ki yi ba. Ba ki yi kuka ba, ba ki tsine wa kowa ba. Ranar da aka kawo famfo bakin sabuwar hanya kuwa, ba wanda ya kai ki murna. Kika tara hannu kika sha, kika wanke fuska, kika ce, "Wuyana ya gaji da tulu. Gari shi zo, muna maraba."

Dukanmu haka muka ɗauke shi. Gidan gado ya cika, ɗaki ɗaya mutum nawa. Mutanen ƙauye suna ta shigowa, wasu gonarsu ta daina bayarwa, wasu tsoro ya koro su. Dole mutum ya samu inda zai sa haƙarƙarinsa. Har yau in na duba ban ga mutum ɗaya da zan nuna in ce shi ya yi mana wannan ba, kuma wannan ma yana cikin abin da ke ba ni tsoro.

Da kika rasu aka kai ki kusheyin da ke hayin kori, nesa da hayaniyar mutane. Salisu ya ce mini an kwantar da ke kusa da wata magarya, kuma daga wurin ana hango gawon gona. Wannan ya sanyaya mini rai ƙwarai.

Bayanki abin ya yi sauri.

Gawon shi ya fara tafiya, don ya faɗo tsakiyar inda aka ce hanya za ta bi. Sabara da kalgo suka ƙare a murhu. Duwatsunki kuma masu amalanke suka riƙa kwasa ana zuba harsashin gini da su. Ba sata ba ce, kowa ya ɗauki na cikin filinsa. Gidan Salisu ma a kan su yake. Da ya gaya mini har daɗi na ji, na ce ashe hannunki yana ƙarƙashin ɗakinsa.

Korin ya koma wurin ɗibar yashi. Kamiyo, manyan motocin ɗaukar kaya, na shiga na fita tun safe har faɗuwar rana. Masu bulo suka haƙa ramuka a gindin tudu, ramin da in raƙumi ya faɗa ba a ganin tozonsa. Tudun kansa aka fasa gefensa ana cire tsakuwa, ya zama tsirara, ko ciyawa ba ta kama shi. Duk inda kika duba katanga ce, da kwano, da daɓen siminti. In an yi ruwa ba inda zai nutse, sai ya bi lungu yana neman hanya.

Burtali ma an gine shi. Bara ɗan Dije ya zo da shanu, ya tarar da katangar wani a inda ya saba wucewa tun yana yaro. Shanun suka watsu cikin unguwa, suka ture wa wata mata tukunya, aka kusa zubar da jini. Ni na shiga tsakani don na gane shi. Ya ce mini tsohuwar tana nan da rai amma ba ta gani sosai, kuma tana yawan tambayar ko gawon yana nan. Na ce ya gaya mata yana nan. Ba su ƙara biyowa ta wajenmu ba.

Kowace damina korin yana ƙara faɗi da zurfi. Muna gani. Mukan tsaya a baki mu ce kai, bana ya ci ƙasa, sai mu koma gida. Salisu ya zuba buhunan yashi bayan katangarsa, maƙwabta ma haka. Mun ɗauka in abin zai zo, daga korin zai zo.

Ranar wata Laraba ce, tsakiyar marka, muna hutun lakkwal. Na tafi gidan Salisu don in kama wa Rabi aiki, cikinta ya tsufa ba ta iya sunkuyawa. Shi yana tasha wajen gyaran moto, wato babur. A cikin gari ɗan yayyafi kawai aka yi da hantsi, bai ko jiƙa shanya ba. Amma can bisa tudu sama ta yi baƙi ƙirin tun safe.

Bayan Azahar Ummi ta ɗauki ɗan kwanonta ta tsallaka hanya, ta shiga wani kango da ake ginawa gaban gidan, inda suka saba wasa da yashi. Ina tankaɗe, Rabi tana tsintar wake. Sai muka ji wani ruri daga nesa. Na ce masu yashi ne. Rabi ta ajiye faifai ta karkata kai, ta ce, "Yaya, wagga ƙara ba ta mota ba ce."

Na leƙa ƙofa. Inna, ba ta kori ya zo ba. Ramukan gindin tudu ne suka cika suka ɓalle, ruwan ya biyo hanyar da aka yi a kan gonarki, miƙe, tsakanin katanga da katanga. Jawur yake, da kumfa a baki, yana ɗauke da leda da kara da butoci. Na ga akuya tana juyawa a ciki ƙafafu sama.

Ummi ta hau kan tarin bulo a tsakiyar kangon. Ba ta yi kuka ba. Tana tsaye da kwanonta a hannu tana kallona.

Ban san lokacin da na shiga ba. Ruwan ya kama ni a gwiwa, kafin in kai tsakiyar hanya ya kai cinya. Abubuwa suna dukan ƙafafuna ta ƙasa, ban san ko mene ne ba. Sanyinsa har cikin ƙashi. Na faɗi sau ɗaya na sha, na tashi. Da na kai gare ta na cire mayafina na goya ta, na ɗaure tam kamar jaririya, duk da tsawonta, ƙafafunta suna reto har cinyata.

Na juya in koma, sai na ga babu hanya. Ruwan ya kai mini ƙugu. Bulon da muke kai ya fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Akwai ginshiƙin da ba a gama zubawa ba, ƙarafansa a tsaye, na kama su da hannu biyu. Ina jin ƙasa tana guduwa daga ƙarƙashin tafin ƙafata. Na kira sunan Allah, na yi salati, daga baya na ji bakina yana kiran ki, kamar yadda nake yi in na yi mugun mafarki ina yarinya.

Ummi ta kawo bakinta kusa da kunnena ta ce, "Gwaggo, za mu mutu?"

Na ce mata a'a, ta riƙe wuyana ta rufe ido. Ban san ko gaskiya na gaya mata ba.

Ina kallo katangar bayan gidan Salisu ta kwanta gaba ɗaya, ba ƙara sosai, kamar wanda ya gaji ya zauna. Ɗakin kwanansu ya bi ta. Na san Rabi na cikin gidan lokacin da na fito.

Ban iya ce miki ga tsawon lokacin da muka yi a wurin ba. Hannuwana suka daina jin zafi, suka daina jin komai. Abin da na fi tsoro shi ne ɗaurin mayafin, don ina jin yana sassautawa, kuma in na saki hannu ɗaya in gyara, ruwan zai tafi da mu duka.

Masu yashi ne suka cece mu. Sun hango ruwan tun da wuri, suka fito da kamiyonsu daga kori suka tsaya a kan wani ɗan tudu kusa da mu. Ɗaya daga cikin leburorin, wani dogo mai furfura a gemu, ya ɗaura igiya a ƙugu, sauran suka ɗaure ɗaya bakin a jikin motar suka riƙe. Ruwan ya kayar da shi, suka jawo shi, ya sake shigowa daga sama, ya bar ruwan ya kawo shi inda muke.

Ya ce, "Madam, saki ƙarfen ki kama ni."

Na kasa. Ina so in saki, yatsuna sun ƙi buɗewa. Sai da ya ɓamɓare su ɗaya-ɗaya, jini na zuba. Ya rungume mu da hannu guda, suka ja. Da suka ɗora mu kan motar na kwance Ummi, har lokacin kwanon yana hannunta. Mutumin ya zauna gefe yana amai da jan ruwa. Daga baya na tambaya, aka ce daga wajen Buza yake, gonarsa ce kwazari ya cinye ya zo gari neman aiki. Ban samu sunansa ba. Ya koma bakin aikinsa, wataƙila yanzu haka yana cikin korin da shebur.

Rabi ta tsira. Da ruwan ya shigo tsakar gida ta kama tsanin da ke jingine, maƙwabta suka jawo ta bisa rufin gidansu na siminti, da cikin nan nata. Salisu ya iso da gudu daga tasha, takalmi ɗaya a ƙafa. Da ya ga inda ɗakinsa yake a da, ya ga babu kowa, sai ya zauna cikin taɓo. Sai da na kira shi daga kan motar na ɗaga masa Ummi ya gani. Ko da ya gan ta bai iya tashi ba.

Kafin La'asar ta yi sanyi ruwan ya janye, rana ta fito kamar ba abin da ya faru.

Ba kowa ya tsira ba. Kin san Hajo mai ƙosai, wadda kuke zuwa ta'aziyya tare. Ɗanta ya ɗauko ta daga cikin gari ya yi mata ɗaki a sabuwar unguwa, don ta samu iska. Ƙafafunta sun daɗe da mutuwa. Washegari aka same ta can ƙasa a fadama, yashi ya rufe ta har ƙirji. Fadamar ma ba za ki gane ta ba. Rijiyoyin lambu sun cike, yashi da tsakuwa da leda sun kwanta a kan baƙar ƙasar nan. Masu albasa suna tsaye suna kallo, ba su san inda za su zuba iri bana ba.

Waɗanda gidajensu suka faɗi ko ruwa ya ɓata an sauke su a lakkwal ɗinmu. Su Salisu ajina suka samu, su da wasu iyalai, an raba da zannuwa. Na ce su dawo gidana, Salisu ya ce ba zai bar maƙwabtan da suka ɗaga masa mata ba. Daga nan aka kai Rabi asibiti ta haihu. A gaban allon da nake rubutu aka raɗa wa yaron suna, ba kiɗa ba guɗa.

Ummi ba ta magana sosai yanzu. In kamiyo ya wuce sai ta ruga ta shige tsakanin ƙafafun uwarta. Ba ta yarda a yi mata wanka sai an riƙe mata hannu.

Ni ma ban fi ta ba. Kin san yadda muke da ruwa a ƙasar nan. Shekara nawa muka fita roƙonsa, maza a filin idi, mu a gida da hannu sama. In hadari ya taso ke ce mai fara fitowa tsakar gida, ki shaƙi iskar ki ce yana tafe. Ƙamshin ƙasa in ruwan farko ya taɓa ta, ban san abin da ya fi shi daɗi ba. Yanzu in na ji ƙamshin nan sai in shige ɗaki in rufe ƙofa. Ina kai loma baki, in aka yi cida sai in ajiye. Ina duban katangar gidana in ga kamar tana motsi. Gidana a tsohon gari yake, kowa na cewa ba abin da zai same shi. Haka muka ce da gidan Salisu.

Yanzu ga maganar da na ce ki ji daga bakina.

Shekaranjiya Salisu ya shigo gidana da hantsi, taɓo har gwiwa. Na kawo masa fura ya ture. Sannan ya ce, "Yaya, kori ya shiga kusheyi."

Ya ce ruwan da ya bi ta unguwa a can ƙasa ya faɗa korin, ya bugi ɗaya gaɓar ya yanke ta. Layin kaburburan da ke baki ya tafi. Tun ranar maza suke bin korin suna tsintar abin da suka samu, suna naɗewa a farin ƙyalle, ba a san na wane da na wane ba. Shi bai gaya mini ba don yana ganin abin da nake ciki ya ishe ni.

Na ce, "Inna fa?"

Ya ce magaryar ta faɗa ciki, saiwoyinta a sama. Tsakaninki da bakin ramin bai fi shimfiɗar tabarma ba.

Jiya da safe na tafi da kaina. Ban shiga ba, na tsaya ta wannan hayi inda mata ke tsayawa. Korin da muke tsallakewa da gudu, yanzu in mutum yana wancan gefe sai ya ɗaga murya kafin ki ji shi. Gaɓar ta fi soro tsawo, a tsaye kamar an yanka da wuƙa. Ina tsaye, ba ruwa ba iska, wani ɓangare ya ɓalle da kansa ya zube. Na ga wani abu fari a jikin gaɓar. Ban sake kallon wurin ba. Salisu ya tsaya a kanki ya ɗaga hannu don in gane inda kike. Da na ga yadda yake kusa da bakin, na yi masa alama ya ja baya.

Liman ya tara masu mamata a layin. Ya ce in lalura ta kai haka, addini bai hana a ɗauke mamaci a sake masa wuri ba, barin sa ruwa ya tafi da shi ne ba daidai ba. An ba da wani fako can arewa, bisa dutse, inda ruwa ba ya zama.

Shi ya sa muka kira Kawu Abdu. Shi so ya yi a mai da ke ƙauyenku, kusa da iyayenku. Salisu ya ce ba zai iya a kai ki inda sai ya shiga mota kafin ya ziyarce ki ba. Suka yi ta ja, har Kawu ya yi fushi ya ce garin da ya ci gonarki ba zai bar ƙashinki ba. Da ya huce kuma da bakinsa ya ce ko can Keita gidaje sun fara hawa cikin itatuwan da kuka dasa, Buza ma haka ya gani da ya ratso. Daga ƙarshe suka juyo gare ni, wai ni ce babba.

Na ce a kai ki fakon. Ba don na fi son sa ba. Hanyar ƙauye koraye sun yanke ta a wurare, Kawu kansa sai da ya sauka ya taka da ƙafa. Ba zan iya tunanin a tsaya da ke a bakin wani ruwa ana jiran ya janye ba. Kawu ya share ido da bakin rawaninsa, ya ce to.

Na tambayi Salisu ko gari zai kai can. Sai ya ce a hanyar zuwa ya ga turakun siminti masu farin fenti, amma da sauran tazara.

Gobe ne, in Allah Ya kai mu, da rana ta fito. Na sayo farin yadi, na wanke da hannuna duk da ciwon bai warke ba, na shanya a ɗaki don kada ƙura ta taɓa shi, na turara shi da irin turaren da kike so. Iyakar abin da aka bar mini in yi ke nan. Sauran na maza ne.

Inna, kin sha wahala a duniya, kuma ranar da aka ɗauke ki na gaya wa kaina cewa daga yau ba mai sake tashin ki. Ki yafe mana. In kin ji sara a kanki gobe, kada ki firgita. Salisu ne da Kawu, da Liman a tsaye yana karatu. Na ce wa Salisu in sun kusa ya ajiye hauya ya sa hannu, ya yi a hankali. Na ce ya yi miki sallama kafin ya fara, ya gaya miki ko shi wane ne. Ya ce zai yi, in muryarsa ta fita.

Ina rubuta wannan bayan La'asar, a ƙofar ɗakina. Gabas ta fara haɗuwa. Iskar ta canza, kaji sun shige. Geron mutane yana kan fitar da kai, yana son ruwa, na sani, kuma ina jin kunyar abin da zan roƙa. Ban taɓa roƙon sa ba tun da aka haife ni.

Ya Allah, Ka riƙe mana ruwan nan zuwa gobe da azahar. In ya zama dole ya sauka, Ka saukar da shi a gonaki, a hankali, Ka kau da shi daga tudun nan. Ka tsare gaɓar nan daren yau. Ka ji ƙan Hajo, Ka ji ƙan waɗanda ruwa ya haɗa ƙasusuwansu, Kai Ka san kowa da sunansa. Ka saka wa bawan nan naKa mai igiya da alheri, Ka mai da shi gida lafiya. Ka cire wa Ummi abin da ta gani. Ka ba waɗanda ke kwana a aji wurin da za su koma, wurin da ba hanyar ruwa ba.

Ke kuma Inna, Allah Ya gafarta miki, Ya haskaka makwancinki na yau da na gobe, Ya sa wannan ne tashi na ƙarshe da za a yi miki kafin ranar da za a tashe mu gaba ɗaya. Amin.

Ki ƙara haƙuri na dare ɗaya. Suna tafe da safe.

Ɗiyarki mai kewarki,
Zainabu
Madawa